Cutar Shuka a Kwarin Rima: Kwalbar Feshi Kaɗai Ba Za Ta Fisshe Mu Ba

Duk wanda ya san gabashin Sakkwato ya san cewa arzikin Rabah da Wurno da Goronyo a bakin ruwa yake, domin Rabah tana zaune ne a gefen gulbin Sakkwato, Wurno da Goronyo kuwa suna shan gulbin Rima, kuma daga fadamun waɗannan gulabe biyu ne albasa da tafarnuwa da shinkafa da tattasai suke fitowa, a auna su a kasuwar Acida da ta Goronyo, a ɗora wa manyan motoci, su nufi Legas da sauran biranen kudu, wasu ma su ƙetare iyakar ƙasa. Wannan ni'ima tana da maƙiyi wanda ba ya ƙara kamar fara, ba ya kuma barin sawu kamar ɓera, sai dai manomi ya wayi gari ya tarar lawashi ya kwanta, ko kuwa ya buɗe rudu bayan wata biyu ya iske rabin abin da ya adana ya zama ruwa. Maƙiyin nan shi ne cututtukan funfuna. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, mun jingina al'amarinsu gaba ɗaya ga kwalbar feshi, alhali kuwa mafi ƙarkon kariya tana cikin halittu masu rai waɗanda Allah ya zuba a cikin ƙasar da muke nomawa, kuma lokaci ya yi da masu ilmi da masu mulki za su kawo wannan sani bakin fangalin talaka.

Ya kamata mu fara da sanin haƙiƙanin abin da muke yaƙa. Funfunar da take fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da baƙin garin da yake cika zangarniyar dawa wanda iyayenmu suke kira burtuntuna, da tabon da yake cin ganyen albasa, duk dangi ɗaya ne na halitta, wadda ba ta iya sarrafa abincinta da hasken rana kamar yadda tsirrai suke yi, saboda haka sai ta shimfiɗa zarurruka sirara a cikin jikin wani ta riƙa tsotsa. Tana hayayyafa ne da wani irin ƙura wanda ido ba ya rarrabe ƙwayarsa sai da madubin bincike, iska ta ɗauke shi, ruwa ya fantsama shi, ya maƙale a jikin iri ko a ƙafar mai shiga gona, ya kwanta cikin busasshen ganye yana jiran lokacinsa. Lokacin nan kuwa shi ne sa'ad da laima da ɗumi suka haɗu, musamman a ƙarshen damina da farkon kaka, lokacin da raɓa take kwana a kan ganye har hantsi, wanda kuma shi ne daidai lokacin da mutanenmu suke renon irin albasa domin dashe.

Mafi shahara daga cikinsu a wurin manomin albasa ita ce wadda masana suke kira Alternaria porri. Tana farawa da ɗan ɗigo fari-fari wanda ya lotsa a jikin lawashi, ɗigon ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta koma launin shunayya, gefensa ya yi rawaya, har ya kewaye ganyen ya karya shi, kuma tun da ganye ne yake ciyar da kan albasa, duk wanda ya mutu kafin lokacinsa ya tafi da rabonsa na nauyin buhu. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da suke ɓuya a matse-matsin wuyan albasa suna kankare fatar ganye, raunin da suka bari kuwa shi ne ƙofar da cutar take samun sauƙin shiga. Idan aka cire albasa wuyanta bai bushe ba, cutar takan gangara cikin kai ta bi shi har rudu, inda wata baƙar funfuna mai son zafi take jira ita ma. Shinkafa tana da tata, wadda take yin tabo mai tsini biyu a ganye, sa'an nan ta kama wuyan zangarniya ta bar ta tsaye fara fat babu ƙwaya, kuma an tabbatar cewa yawan zuba takin yuriya yana ƙara mata ƙarfi.

Dattawa sukan ce a da ba a ganin wannan ɓarna haka, kuma maganarsu tana da dalili. A zamanin jigo lambu kaɗan ne, rani kuwa yakan ƙone yawancin ƙasa ƙurmus, cuta ta rasa ɗanyen ganyen da za ta rayu a kansa har damina ta kewayo. Amma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, wadda take riƙe da ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, sa'an nan shirin Fadama na shekarun 1990 ya yawaita ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa, sai ya zamana kwarin yana kore kusan shekara duka, wannan yana cire albasa, maƙwabcinsa yana dasawa, cuta tana tsallakawa daga tsohuwar gona zuwa sabuwa ba tare da ta yi yunwa ko sau ɗaya ba. Ƙari a kan haka, tsadar albasa da tafarnuwa ta sa ana maimaita su a fangali ɗaya shekara da shekaru, ana kuma ɗebe iri daga gonar da ta yi ciwo, ga ambaliya irin ta watan Satumba na 2010 wadda ta shafi Goronyo da Wurno, ruwa irin wannan kuwa yakan kwashi ƙasar wata gona da abin da yake cikinta ya kai wata. Ruwan nan alheri ne babba, sai dai kowane alheri yana zuwa da haƙƙin kula da shi, mu kuwa mun karɓi ruwan mun bar ilmin da ya kamata ya biyo shi.

Abin da manomi yake yi a yau idan ya ga tabo sananne ne. Yakan tsinki ganye ya tafi wurin mai sayar da magani a kasuwa, wanda sau da yawa bai taɓa zama gaban malamin gona ba, a ba shi abin da yake akwai, sau da yawa kuma abin da yake akwai maganin ƙwari ne, alhali maganin ƙwari ba ya kashe funfuna. Idan bai ga sauƙi ba sai ya ninka awo, ya gauraya kwalba biyu ko uku, ya goya famfo ya shiga gona ba takalmi ba abin rufe hanci, ragowar kuma ta gangara cikin ruwan da ake sha ake kamun kifi. Lawashin nan da aka yi wa wanka da guba shi ne ake dakawa a yi gabu a zuba a miya. Mun riga mun ga sakamakon irin wannan israfi a 2015, sa'ad da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Ko maganin funfuna na gaskiya ma yana da iyaka, domin cuta takan saba da shi: wani magani mai suna metalaxyl, wanda aka fitar a ƙarshen shekarun 1970 aka yi ta yabonsa, bai wuce 1980 ba sai da ya kasa a gonakin dankalin Ailan da Holan. Ba na cewa a zubar da magungunan nan, domin garin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka ya rage burtuntuna ƙwarai, kuma ranar da annoba ta riga ta kama gona babu makawa sai an yi feshi. Abin da nake ƙi shi ne a mai da makamin ranar larura ya zama abincin kullum.

Malamanmu na fiƙihu ba su gafala daga wannan babi ba. A mazhabar Imamu Malik akwai hukuncin ja'iha, wato musibar da take faɗa wa amfanin da aka saya tun yana bisa, kuma ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa idan ɓarnar ta kai sulusi ana sauke wa mai saye gwargwadonta daga kuɗin, a kayan lambu ma akwai ƙaulin da ya ce a sauke ko ba ta kai haka ba. Wannan adalci ne da ya kamata dillalai da masu sayen albasa tun tana gona su tuna da shi. Amma akwai wani darasi a cikin yadda malaman suka siffanta ja'iha da cewa ita ce abin da ba a da ikon tunkuɗe shi. A fahimtata, duk abin da Allah ya hore wa bayinsa sanin sababinsa da hanyar kauce masa ya fara fita daga babin abin da ba a iya tunkuɗewa, ya shiga babin abin da za a tambaye mu a kansa, kuma neman wannan sani farilla ce ta kifaya a kan al'ummar da abincinta ya rataya a kan noma. Tawakkali na gaskiya yana tafiya ne tare da riƙo da sababi.

To, wane sababi ne ya fi dacewa? A cikin ƙasa mai lafiya akwai halittu iri-iri da ba su ƙirguwa, suna gasa, suna cin juna, suna hana kowane ɗaya ya yi rinjayen da zai zama fasadi, kuma wannan mizani yana daga cikin hikimomin Mahalicci. Tun a 1932 wani masani a Amurka mai suna Weindling ya nuna cewa wata koriyar funfuna da ake kira Trichoderma tana nannaɗe zaren funfunar da take ruɓar da saiwa, ta narkar da shi ta cinye. Daga baya aka gane cewa tana kuma mamaye kewayen saiwa ta hana mugun iri wurin zama, har ma tana zaburar da shukar kanta ta ƙara juriya. A yau manoman Indiya suna sayenta a ƙulle kamar gari, su cuɗa iri da ita, ko su gauraya ta da ruɓaɓɓen taki su zuba a wurin reno, domin maganin cutar da take kayar da 'yan tsirrai tun suna kwana kaɗan da fitowa, wadda ita ce take cinye wa mai renon albasa da tumatir kuɗin irinsa tun bai kai ga dashe ba.

Hujja mafi ƙarfi kuwa a cikin ƙasarmu take. Akwai wata funfuna, Aspergillus flavus, wadda take kama gyaɗa da masara, musamman idan ruwa ya ɗauke musu kafin su nuna, abin da yake yawan faruwa a tudun Rabah da maƙwabtansa, ko kuwa idan aka zuba su a rumbu da sauran laima. Tana haifar da wata guba mai suna afulatoksin, wadda ba ta da ɗanɗano, dahuwa da suya ba sa kashe ta, tana bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli da tunkuza, tana bin abincin dabba har cikin nono, tana cin hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta tun da farko, kuma an danganta ta da tsumburewar yara. Duniya ta farga da ita ne a 1960, sa'ad da talo-talo wajen dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa, a 2004 kuma ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Masanan cibiyar IITA ta Ibadan, tare da takwarorinsu na ma'aikatar gona ta Amurka, suka bincika gonakin Nijeriya suka zaɓo iri huɗu na wannan funfuna ɗin kanta waɗanda ba sa yin guba, suka shafa su a jikin gasasshiyar dawa wadda ba za ta tsira ba, suka rina ta shuɗiya don kada a ci, suka sa mata suna Aflasafe, hukumar NAFDAC kuma ta yi mata cikakkiyar rajista a 2014. Manomi yakan watsa kilo 10 a hekta ɗaya da hannu, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marar guba ta riga mai guba kama gona, kamar yadda baƙin kirki sukan cika tabarma har mugun baƙo ya zo ya rasa wurin zama. Gwaje-gwajen gonaki sun nuna tana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, kariyar kuma tana bin amfanin har cikin rumbu. Abin tambaya shi ne, manoman gyaɗa nawa ne tsakanin Rabah da Gandi suka taɓa ganin wannan shuɗiyar dawa da idonsu?

'Yan'uwanmu na Nijar su ma sun ba da shaida. Bayan farar da ta addabi yankin Sahel a ƙarshen shekarun 1980, wani shirin bincike mai suna LUBILOSA, wanda aka fara a 1989, ya samar da maganin fara daga wata funfuna da aka samo a jikin mataccen babe a ƙasar Nijar, tana kashe fara ba tare da ta cuci tsuntsu ko dabba ko mutum ba. A jihar Maraɗi kuma masu bincike sun koya wa ƙauyuka kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro a cikin jakunkunan algarara, a rataya su a gona, ya fita ya hallaka tsutsar da take cin zangarniyar gero. Waɗannan misalai suna nuna cewa wannan fanni ba kayan ƙasashen sanyi ba ne, kuma mafi amfaninsa shi ne wanda aka tono daga ƙasar da za a yi aiki da shi.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakarsa, domin wanda ya ɓoye aibin haja ya yi algus. Maganin da yake da rai yana mutuwa, kuma ƙullin Trichoderma da ya yi wata uku a rumfar kwano cikin zafin bazarar Sakkwato, wanda yakan haura digiri 40, ba abin da ya rage a cikinsa sai gari. Aikinsa rigakafi ne, ba ya tayar da gonar da ta riga ta kwanta, ƙarfinsa kuma ya fi bayyana a cututtukan ƙasa da saiwa fiye da na ganye, saboda haka kada wani ya yi wa manomin albasa alkawarin cewa shi kaɗai zai raba shi da tabon lawashi. Idan aka haɗa shi da maganin funfuna a famfo ɗaya, maganin yana iya kashe shi. Sa'an nan kasuwar da jabun iri da jabun taki suka riga suka shiga ba za ta rasa mai ƙulla toka ya kira ta da sabon suna ba. Waɗannan duka dalilai ne na a yi aikin da tsari, a hannun masana na kusa da mu.

Kafin wannan ya samu, akwai abin da yake hannun kowane manomi ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ya hutar da fangali daga albasa da tafarnuwa shekara biyu ko uku, ya sa masa alkama ko masara ko wake, domin cutar albasa ta mutu da yunwa. Ya kwashe ragowar ganyen da ya yi ciwo ya binne ko ya ƙone, maimakon ya bar shi a kan kunya. Ya ɗebi iri daga lafiyayyar gona kaɗai, ya ɗaga wurin reno yadda ruwa ba zai kwanta ba, ya rage cunkoso domin iska ta ratsa, ya yi ban ruwa da safe a gindi yadda ganye ba zai kwana a jiƙe ba, ya sassauta hannu a yuriya. Idan albasa ta nuna ya janye ruwa kafin cira, ya shanya ta a inuwa mai iska har wuyanta ya bushe ya rufe, ya tsince mai rauni kafin ya zuba a rudu. Gyaɗa kuma kada ta shiga buhu sai ta bushe sarai, wadda ta yi baƙi ko ta yanƙwane a fitar da ita, kada a ba yara, kada a ba dabba.

Akwai wani sashe na wannan magana da yake da ciwo. Halittun kirki na cikin ƙasa da ruɓaɓɓen taki suke rayuwa, kuma tsohuwar al'adarmu ta manomi ya gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, ita ce take ciyar da su tun ba mu san sunansu ba. Fitinar 'yan bindiga da ta addabi gabashin Sakkwato, wadda Tabanni ta ƙasar Rabah ta ɗanɗana a 2018, kasuwar Goronyo kuma a watan Oktoba na 2021, ta raunana wannan amana, ta kori dabbobi, ta hana malamin gona shiga ƙauye, ta tilasta wa jama'a cunkushewa a 'yan gonakin da suke kusa da gari suna maimaita shuka ɗaya. Saboda haka lafiyar ƙasa tana daga cikin abubuwan da rashin zaman lafiya ya ci, kuma duk mai neman gyaran noma a wannan yanki dole ya sa tsaro a farkon lissafinsa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin jihar Sakkwato ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda take da tsangayar aikin gona, ta ɗebi ƙasa daga fadamun Wurno da Goronyo da Rabah, ta tace irin Trichoderma da sauran halittu masu amfani waɗanda suka riga suka saba da zafinmu, ta gwada su shekara biyu ko uku a gonakin manoma, fangali da magani kusa da fangali babu magani, ta bayyana sakamakon da Hausa ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Kwalejin aikin gona ta Wurno ta zama wurin da ake hayayyafa abin da aka tabbatar, a raba shi sabo a farkon lokacin reno, ta kuma aika ɗalibanta su zauna ranar kasuwa a Acida da Goronyo da Rabah, manomi ya kawo ganye a gaya masa ko ƙwaro ne ko funfuna kafin ya sayi kwalba. Gwamnati, wadda take rabon takin zamani kowace damina, ta sa Aflasafe a cikin rabon manoman gyaɗa da masara. Ƙungiyoyin manoman albasa da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su daidaita lokacin dashe da na hutun ƙasa yanki-yanki, domin tsabtar gona ɗaya ba ta amfani idan ta maƙwabci tana kiwon cuta. Masu sayar da magani a horar da su, a ba su shaida, a hukunta mai ha'inci, limamai da gidan rediyon Rima kuma su isar da saƙon inda mota ba ta iya zuwa.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno ya kuma rasu a can a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani, ya kuma yi wa sarakunansa wasiyya da su kula da manoma da masu sana'a domin da su ƙasa take tsayuwa. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, a zamaninsa ne cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta shiga ƙarƙashin jami'ar da take ɗauke da sunansa a 1962. Magadansu a mulki da ilmi suna da kayan aikin da su ba su samu ba, kuma abin da ake nema a wurinsu shi ne a sa wannan aiki cikin kasafin kuɗin bana, a fara da ƙaramar hukuma ɗaya da amfanin gona ɗaya, a auna abin da aka samu, sa'an nan a faɗaɗa. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauke wannan amana, ya tsare mana amfaninmu daga annoba, ya maido da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.